Sayen motar iyali ta hannu a Kebbi: Abubuwan da ake dubawa

Motoci masu kujeru bakwai, irin su Sharan da Galaxy da Sienna, sun zama ruwan dare a kan hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta bi ta Argungu zuwa Sakkwato.

Wasu na haya ne, wasu kuma na magidanta ne waɗanda iyalinsu ya fi ƙarfin ƙaramar mota.

Kusan dukkansu dai na hannu ne, wato sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin su iso Najeriya, kuma kowane samfuri daga cikinsu yana da lalurar da aka san shi da ita.

Tambayar da ke gaban magidanci ita ce, ko ya dace ya zuba kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ko kuɗin shinkafar da ya noma a fadama shekara guda, a kan motar da ake cewa ba ta rabuwa da gareji.

Amsar ta fi rataya a kan tarihin ita motar da ke gabansa, da kuma ko akwai bakaniken da ya san ta a nan kusa, fiye da sunan da ke manne a goshinta.

Asalin motocin

An fara ƙera irin waɗannan motoci ne a farkon shekarun 1980.

Kamfanin Chrysler na Amurka ya fitar da Dodge Caravan a ƙarshen 1983, sannan Renault na Faransa ya biyo baya da Espace a 1984.

Manufar ita ce a samu motar da za ta ɗauki mutum bakwai da kayansu, amma a tuƙa ta kamar ƙaramar mota.

Kafin zuwansu, Peugeot 504 da 505 masu dogon baya ne ke wannan aiki a arewacin Najeriya. An riƙa haɗa 504 a masana'antar PAN da ke Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, kuma babu bakaniken da bai san ta ciki da bai ba.

Tun daga 1986, lokacin da darajar naira ta fara zubewa a ƙarƙashin shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, sabuwar mota ta soma gagarar ma'aikacin gwamnati. Da aka daina haɗa 504 a tsakiyar shekarun 2000, motocin hannu na ƙasashen waje sun riga sun mamaye kasuwa.

Yadda suke isowa

Sunayen da ake kiran motocin da su ma suna nuna hanyar da suke biyowa.

Wasu kan ce tokumbo, kalmar Yarabanci da ke nufin abin da ya tsallako teku. Wasu kan ce Beljiyam, saboda unguwar Heyvaert da ke birnin Brussels ta daɗe tana zama matattarar dillalan da ke tara tsofaffin motocin Turai suna lodinsu a tashar jiragen ruwa ta Antwerp. A arewa kuwa an fi cewa 'yar Kwatano.

Shekara da shekaru ana sauke motoci a tashar ruwan Kwatano da sunan za a wuce da su Jamhuriyar Nijar. Sai a bi da su ta Parakou da Kandi zuwa Malanville, a haye gadar Kogin Kwara zuwa Gaya. Daga Gaya zuwa garin Kamba na jihar Kebbi kuwa ba wata tafiya ba ce.

Wannan kusanci ya sa mutanen Kebbi sun riga wasu da dama samun motocin da rahusa, amma shi ne kuma ya sa matsalar takardun kwastan ta yi yawa a yankin.

Gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta shigo da motoci ta iyakokin tudu daga ranar 1 ga watan Janairun 2017. A watan Agustan 2019 ta rufe iyakokin baki ɗaya, kuma ba a sake buɗe ta Kamba ba sai a watan Afrilun 2022. Juyin mulkin da sojoji suka yi a Nijar a watan Yulin 2023 ya sake janyo rufe iyakoki, har da gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya.

Game da lafiyar motocin kuwa, wani rahoto da Hukumar Kare Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoban 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018, Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa.

Wani binciken da hukumomin ƙasar Holland suka yi a kan motocin da ke barin tashoshinsu ya gano cewa akasarinsu sun shekara 16 zuwa 20, kuma da yawa ba su da ingantacciyar takardar shaidar lafiya a lokacin da aka fitar da su.

Wato ke nan motar da ake nuna wa mai saye a Birnin Kebbi a matsayin dalleliya, wadda ba ta taɓa taka titin Najeriya ba, tana iya kasancewa wadda mai ita na farko ya rabu da ita ne saboda kuɗin gyaranta ya fi darajarta.

Sharan da 'yan uwanta

Motar da direbobi da fasinjoji ke kira Sharon a tasha ita ce Volkswagen Sharan, wadda ta fito a 1995.

Volkswagen da Ford ne suka haɗa gwiwa suka gina masana'anta a Palmela ta ƙasar Portugal, inda aka riƙa ƙera mota guda da sunaye uku: Sharan, da Ford Galaxy, da kuma SEAT Alhambra da ta biyo baya a 1996. An yi wa samfurin kwaskwarima a shekarar 2000. Ford ya ware ya ƙera tasa Galaxy daban a 2006, Volkswagen ya fito da sabuwar Sharan a 2010, sannan ya daina ƙera ta a 2022.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye, domin ƙofofi da gilasai da kayan ƙafa na tsofaffin motocin uku kusan duk suna shiga juna.

Sai dai a wajen inji akwai bambanci. Galaxy mai injin fetur 2.0 ko 2.3 injin Ford ne a cikinta, kuma kayansa ba sa shiga na Sharan. Wanda ya sayi Galaxy da zaton duk abin da ya lalace zai samu a wurin masu kayan Sharan, zai iya shan mamaki.

Injin da ya fi sauƙin sha'ani a Sharan shi ne na fetur 2.0 mai ƙarfin doki 115. Ba shi da kuzari sosai idan mota ta cika, amma gininsa ba shi da sarƙaƙiya, kuma shi ne 'yan haya suka fi rungumar sa. Wannan ya sa makanikai sun san shi, kayansa kuma ba sa wuyar samu.

Injin 1.8 mai turbo ya fi gudu, amma ba ya yafe sakaci da baƙin mai. Idan aka riƙa zuba masa mai mara kyau ko aka jinkirta juye, man kan daskare ya toshe hanyar da famfo ke zuƙo shi, turbo ya ƙone, wani lokaci har injin ya buga.

Shi kuwa babban injin VR6 mai 2.8, sarƙar da ke daidaita bugunsa tana can ɓangaren da ya haɗu da giya. Idan ta fara ƙara, sai an sauke giya kafin a kai gare ta, aikin da ba kowane gareji ne zai iya yin sa daidai ba. Ga shi kuma da shan mai.

Akwai kuma masu amfani da man gas, wato 1.9 TDI. A Turai an yaba musu wajen juriya da tsimin mai. A Najeriya kuwa gas ya daɗe yana fin fetur tsada, kuma masu gyaran famfo da nozul na irin wannan inji ba su da yawa a wajen manyan birane.

Lalurorin da aka fi sanin Sharan da su ba a inji suke ba.

Na farko shi ne lantarki. Wayoyin da suka ratsa ta cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota kan tsinke saboda yawan buɗewa da rufewa, sai gilashi ya ƙi hawa, makulli ya ƙi aiki, ko fitilun baya su riƙa yin abin da suka ga dama. Haka kuma magudanar ruwan da ke ƙarƙashin gilashin gaba kan toshe da ƙura da ganye, ruwan sama ya kwarara cikin mota ya jiƙa wayoyi da na'urorin da ke ƙasan kujera.

Waɗannan suna da ban haushi, amma mai gyaran waya da ya san aikinsa zai magance su ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba.

Na biyu shi ne giya mai canza kanta, wadda ake kira otomatik. A nan ne kuɗi ke narkewa. Idan ta fara fizga, ko jinkirin kamawa, ko zamewa idan mota ta yi zafi, maganin da aka saba yi shi ne a sayo wata giyar ta hannu a ɗora, ita ma kuma babu wanda ya san tarihinta. Dalili ke nan da ya sa 'yan haya suka fi son mai giyar hannu.

Wani abin lura shi ne bambanci tsakanin wadda ta zo daga waje da wadda ta riga ta yi haya a gida. Sharan ɗin da ta shekara biyu ko uku tana jigila tsakanin Birnin Kebbi da Jega da Yawuri da Kwantagora, da fasinjoji fiye da ƙima da buhuna a baya har ƙofa ba ta rufuwa, ta tsufa fiye da shekarunta ko da an sake mata fenti.

Ana gane ta da kujerun da aka sauya ko aka yi wa walda, da bayan da aka ɗaga da ƙarin ƙarfe ko roba, da ƙofar baya da ta karkace.

Sienna

Toyota Sienna ta fito a 1997 domin kasuwar Amurka. An fara ƙera ta a jihar Kentucky, daga 2003 kuma aka mayar da aikin jihar Indiana.

Ta fi Sharan faɗi da laushin tafiya, na'urar sanyaya ta kuma tana kaiwa har kujerun baya, abin da ba ƙarami ba ne ga mai ɗauko yara daga makaranta da tsakar rana a watan Afrilu. Sunan Toyota ya sa tana riƙe darajarta idan an tashi sayarwa.

Amma duk da haka tana da nata tarihin.

Injin 3.0 mai silinda shida da ke cikin samfurin farko yana daga cikin waɗanda aka yi ta ƙorafi a kansu a Amurka saboda daskarewar baƙin mai. A 2002 Toyota ya tsawaita garantin injunan, a 2007 kuma aka sasanta wata ƙara ta haɗin gwiwa da ta shafi miliyoyin motoci. Wannan garanti ya daɗe da ƙarewa. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya sa bakanike ya buɗe murfin saman injin, ya duba ko akwai baƙin kitse mai kama da kwalta.

A watan Afrilun 2010 kamfanin ya yi kiranyen Sienna kimanin 600,000 samfurin 1998 zuwa 2010, saboda gishirin da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara yana cinye wayar da ke riƙe da safayar taya a ƙarƙashin mota. Gishirin ba waya kaɗai yake ci ba. Motar da ta yi rayuwarta a Kanada ko arewacin Amurka sai an leƙa ƙarƙashinta da fitila, an ƙwanƙwasa ƙarfe, domin baƙin fenti kan rufe tsatsa.

A watan Nuwamban 2016 kuma an sake kiranyen wasu kimanin 744,000 samfurin 2011 zuwa 2016, saboda ƙofar gefe mai lantarki tana iya buɗewa mota na cikin tafiya. Ga motar da za ta ɗauki ƙananan yara, wannan batu ne na rai.

Samfurin da ya zo kafin 2007 yana amfani da bel ne wajen daidaita bugun inji, kuma kamfanin ya ce a sauya shi bayan mil 90,000, wato kimanin kilomita 145,000. Daga 2007 injin 3.5 mai sarƙa ya maye gurbinsa. Duk Sienna kuma giyarta otomatik ce.

Babban haɗarin motocin Amurka shi ne gwanjo. Kamfanoni irin su Copart da IAA suna sayar da motocin da inshora ta yanke wa ƙauna bayan hatsari ko ambaliya, kuma da yawa daga cikinsu Afirka ta Yamma suke ƙarewa. Guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017 sun nutsar da dubban ɗaruruwan motoci.

Motar da ta sha ruwa kan tashi lafiya lau ranar ciniki. Bayan 'yan watanni ne tsatsa ke bin wayoyi da ƙwaƙwalwar mota ɗaya bayan ɗaya.

Sauran samfura

Honda Odyssey ta 1999 zuwa 2004 ta yi ƙaurin suna wajen lalacewar giya, har kamfanin ya yi kiranye a 2004.

Toyota Previa ta farko injinta yana ƙarƙashin kujerun gaba ne. Tana da juriya, amma ta tsufa ƙwarai, kuma gyaranta na buƙatar haƙuri. Toyota Picnic da Avensis Verso sun fi ta ƙanƙanta da tsimin mai.

Opel Zafira ta biyu kuwa, an yi kiranyen fiye da 200,000 a Birtaniya a 2015, aka kuma maimaita a 2016, bayan da wasu suka riƙa kamawa da wuta daga wajen fankar ɗumama mota. Motocin Birtaniya sitiyarinsu a dama yake, Najeriya kuma ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972. Duk motar da aka juya wa sitiyari a gareji, ko wace iri ce, abar gudu ce, domin an taɓa birki da sitiyari da wayoyi a lokaci guda.

Zafi, ƙura da ruwa

Yanayin kwarin Rima yana gwada mota ta hanyoyin da masu ƙera ta ba su sa a gaba ba.

A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a Birnin Kebbi da Argungu. Mota mai nauyi, ɗauke da mutum bakwai, na'urar sanyi a kunne, tana dogara ne kacokan a kan lagireto da fanka da famfon ruwa. Waɗannan kuwa su ne kayan da suka riga suka gaji a motar da ta shekara 20.

Akwai al'adar da ta yaɗu a garejojin Najeriya, ta cire tamostat, wato ƙaramin murfin da ke daidaita zagayawar ruwa a inji, da haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Ana yin haka ne da sunan daidaita mota da zafin Afirka.

Illarsa ita ce injin ba ya kaiwa ɗumin da aka tsara masa da wuri, sai ya ƙara shan mai, kuma ainihin matsalar, wadda galibi toshewar lagireto ce ko mutuwar na'urar da ke tayar da fanka, tana nan a ɓoye. Zuba ruwan rijiya ko na famfo zalla a maimakon ruwan sanyaya inji shi ma yana tara tsatsa da ƙanzo a ciki.

Injin da ya taɓa tafasa sosai kan ƙona gaskit ko ya lanƙwasa kai, kuma da wuya ya koma yadda yake.

Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Matatar iska kan toshe da wuri, na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji kuma kan ruɗe, mota ta rasa ƙarfi.

Da damina sai ruwa. Gulbin Rima kan cika ya malale fadama, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2010 da ta 2020, wadda ta karya gadoji ta kuma shafe gonakin shinkafa a sassa da dama na jihar. Motocin iyali ƙasa-ƙasa suke. Idan inji ya zuƙi ruwa ta hanyar iska, yana iya mutuwa nan take.

Don haka wanda akasarin tafiyarsa a kan kwalta take, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu da Sakkwato ko Kalgo da Jega, motar ta dace da shi. Wanda kuwa kullum sai ya sauka daga kwalta ya shiga hanyar gona ko ƙauyukan da ke tsallaken fadama, zai riƙa biyan kuɗin shokoba da salansa da tukunyar baƙin mai da dutse ya fasa.

Lissafin mai da kayan gyara

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu kimanin kilomita 50 ne, zuwa Sakkwato kuma kimanin 150.

Sienna mai silinda shida kan sha wajen lita 12 a kowace kilomita 100, wato kusan lita 36 zuwa Sakkwato da dawowa.

A farkon 2023, lokacin da farashin gwamnati bai kai naira 200 ba, wannan tafiya ba ta wuce naira 7,000 ba. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a ranar 29 ga watan Mayun 2023, farashin ya yi ta hawa har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, lokacin da tafiyar ta koma naira 36,000 ko fiye.

Kayan gyara ma da dala ake shigo da su. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a watan Mayun 2023 ta haura naira 1,500 a 2024.

Manyan kasuwannin kayan kuma suna nesa: Ladipo a Legas, da Nnewi da Onitsha a jihar Anambra, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna. Ƙananan kaya irin su fulogi da takalmin birki ana samun su a gida. Amma giya ko ƙwaƙwalwar mota sau da yawa sai an aika, a biya kuɗi kafin a ga kaya, mota kuma tana kwance a gareji.

A nan ne samfurin da ya yi yawa a tasha ya fi wanda ba a saba gani ba, ko da na biyun ya fi shi kyau a takarda.

Takardu

Motar da ta shigo ta ɓarauniyar hanya ba tare da biyan kuɗin fito ba, jami'an kwastan na iya kama ta ko da ta shekara biyar a hannun wanda ya saya da kyakkyawar niyya. Lambar mota da takardun lasin ba sa wanke ta.

Abin da ya kamata shi ne a kai takardun fiton ofishin kwastan a tantance su kafin a biya kuɗi, a kuma tabbatar lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da ke jikin mota ta yi daidai da wadda ke cikin kowace takarda.

Da wannan lamba ce kuma ake binciko tarihin motocin Amurka ta intanet. Kamfanoni irin su Carfax suna nuna ko an taɓa rubuta hatsari ko ambaliya a kanta da kuma nisan tafiyar da ta yi, shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka kuma yana nuna ko akwai kiranyen da ba a kai ta ba.

Agogon nisan tafiya da ke gaban direba ba abin dogaro ba ne, domin ana mayar da shi baya. Na motocin Amurka ma da mil yake ƙirga, kuma mil guda kilomita 1.6 ne.

Ranar ciniki

Dillali la'ada yake nema, kuma ba ya samun ta sai ciniki ya faɗa. Don haka bakaniken da zai duba mota ya kasance na mai saye ne, shi ya ɗauko shi, shi zai biya shi.

An fi son a je da sassafe a tarar da injin a sanyaye. Motar da aka riga aka ɗumama kafin mai saye ya iso tana iya ɓoye wahalar tashi, da hayaƙi, da ƙarar sarƙa.

Idan aka murɗa makulli, fitilun gargaɗi na inji da na birki da na jakar iska ya kamata su kama, sannan su mutu bayan mota ta tashi. Fitilar da ba ta kama ba tun farko, mai yiwuwa an cire ta ne. Akwai ƙaramar na'urar kwamfuta da ake jonawa a karanta laifuffukan da ƙwaƙwalwar mota ta adana, kuma kuɗin yin hakan bai taka kara ya karya ba.

Gwajin da ya fi bayyana gaskiya shi ne doguwar tafiya da rana tsaka, da mutane a ciki, na'urar sanyi a kunne. Zagayen unguwa ba ya isa. Tafiya zuwa Argungu da dawowa za ta nuna ko allurar zafi tana hawa, ko giya tana zamewa idan ta ɗumama. Bayan an dawo a bar ta a kunne a tsaye na ɗan lokaci, a duba ƙasa ko akwai ɗigo.

Man giya mai lafiya ja ne, ba ya warin ƙuna. Baƙin mai da ya koma kamar madara alama ce ta ruwa ya shiga inji. Laka a ƙarƙashin shimfiɗa, ko tsatsa a ƙusoshin kujeru, ko warin rima da aka rufe da turare, alamun ambaliya ne.

Tayoyi ma suna da shekaru. Alƙaluma huɗu na ƙarshe da ke jikin taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta tsananta faɗakarwa a kan tsofaffin tayoyi bayan rasuwar ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, a watan Maris na 2016 a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, sakamakon fashewar taya.

Laifin gilashi, ko makulli, ko shokoba, ko na'urar sanyi da ta zubar da iska, dalili ne na neman ragi. Laifin giya, ko tafasar inji, ko alamar ruwa, ko shasi da aka yanke aka haɗa, ko takardun da ba su tantancu ba, dalili ne na fasa ciniki komai arha.

Hukuncin aibi

Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Gwandu da Argungu, kamar Risala da Muhtasar, sun haramta algus da ɓoye aibin haja, sun kuma ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa.

A aikace dai, tabbatar da cewa giya ta riga ta lalace kafin ciniki abu ne mai wuya, musamman idan mota ta kwana biyu a hannun sabon mai ita.

Shi ya sa ya fi kyau a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a ambaci lambar shasi da ta inji, da laifuffukan da mai sayarwa ya bayyana, da kwanakin gwaji idan an amince da su, da kuma makomar kafin alƙalami idan ciniki ya warware.

Ko motar ta tsallake duk wannan, akwai kuɗin da ke jiran mai saye a makon farko: juyen baƙin mai da na giya, da matatu, da bel idan babu shaidar an sauya shi, da wanke lagireto da mayar da tamostat, da tayoyi, da sauya sunan mai mota a takardu. Sai kuma inshorar dole, wadda kuɗinta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a watan Janairun 2023.